Rijiyar Mai Lambu

A wani zamani, a wani gari, an yi wani mai lambu da ya gaji rijiya daga mahaifinsa. Ruwanta garai-garai, rabin unguwa nan suke ɗiba.

Wata shekara amai da gudawa suka kama yara. Malamar asibiti ita kaɗai ce, aiki ya yi mata yawa, sai ta nemi 'yan sa kai. Mai lambu ya ce, "Malama, ga ni."

Ta ce, "Baba, bi gidajen marasa lafiya, ka tambayo mini inda suke ɗibar ruwa."

Ya yi sallama a gida na farko, ya ce, "Ina kuke ɗibar ruwa?" Aka ce, "A rijiyarka." Ya tambaya a gida na biyu, aka ce, "A rijiyarka." Har gida bakwai, amsa ɗaya.

Matarsa ta ce, "Malam, ka ce a rafi ne. In aka rufe rijiyar nan, lambu ya mutu."

Sai ya nufi asibiti. Malama ta ce, "Baba, ina suke ɗibar ruwa?"

Ya ce, "A rijiyata."

Duba-gari ya zo, ya gano wani masai ne yake yoyo cikinta. Aka rufe ta. Albasar mai lambu ta bushe, yara kuwa suka miƙe.

Sai iyayensu suka zo da diga da shebur, suka haƙa masa sabuwa nesa da masai. Da ruwa ya fito, aka miƙa masa gugan farko. Ya ce, "Kada kowa ya sha tukuna. A kira Malama ta duba."