Barkonon Surukin Nabanda

Tiyese na tankaɗe a tsakar gida, uwarta Nabanda ta leƙa bayan ɗaki ta dawo tana taɓe baki.

"Mijinki na can durƙushe yana cire wa barkono tsutsa. Mijin yayarki yana birni, har kwanon rufi ya aiko mata. Ke kuwa an haɗa ki da yaji."

"Mama, ai ni na ce kada ya tafi."

"To, ki ci soyayyar ki ƙoshi."

Mijin nata, Limbani, ya ji sarai, bai ɗago ba. Tun da aka yi auren ya tare a gidan surukarsa, kamar kowane ango a ƙauyen nan na bakin dajin Kasungu. Da safe ya yi mata noma, da yamma ya koma ɗan lambunsa. Shi ya yayyafa iri tun kafin saukar ruwa, ya yi dashe, ya zuba kashin kaji, Tiyese na biye da shi da bokiti suna hirarsu ƙasa-ƙasa.

Barkono ya yi kyau, ya nuna jawur. Suka tsinke shi har yatsunsu na raɗaɗi, suka baza a tabarmi. Ranar da suka tafi kai niƙa hadari ya taso. Nabanda ta kwashe zannuwanta daga igiya, ta bar shanyar a waje. Aka yi kwanaki ba rana, rabin barkonon ya yi fumfuna.

"Ni ba mai gadin yaji ba ce," ta ce wa Tiyese. "Ki gaya masa ya naɗe bargonsa ya koma garinsu. Zan samo miki namiji."

Tiyese ta shige ɗaki ta fashe da kuka.

"In ka tafi ƙafata ƙafarka, wallahi."

"Uwarki ce," Limbani ya ce yana share mata hawaye. "Masararta ta kusa ƙosawa, ba wanda zai girbe mata. Bari mu shigar da ita rumbu, sai mu san abin yi."

Ana cikin haka labari ya zo cewa giwaye sun fito daga daji, sun cinye gonakin ƙauyen gaba. Limbani ya san giwa ba ta jure warin barkono, sai ya roƙo baƙin mai a wurin mai injin niƙa. Tiyese ta zuba ruɓaɓɓen barkonon a turmi, ya ƙara da mai kyan da suka tsira da shi.

"Har da wannan?" ta tambaya. "Shi ke nan fa abin da muka mallaka."

"Zuba kawai."

Ta daka har idanunta suka kumbura. Suka kwaɓa da man, suka shafe tsummoki da igiya, suka zagaye gonar Nabanda. Igiyar ba ta kai kusurwa ɗaya ba.

"Yanzu kuma shanyar tsumma aka koma?" Nabanda ta ce.

Da giwayen suka zo, gari ya waye da koke-koke. Gonakin maƙwabta duk a tattake. A ta Nabanda kusurwar nan ce kawai suka ci. Sauran wurin sawunsu ya zo dab da igiya ya juya.

Nabanda ta daɗe tsaye a bakin gona. Da rana ta tuƙa tuwo da kanta, ta yanka zakaranta, ta kai har ƙofar ɗakinsu ta ajiye.

"Tiyese, ki ce wa maigidanki..." Sai ta ɗaga murya kaɗan. "Baba Limbani, ina kallo ruwan ya doki barkonon, da gangan na bari. Ka yafe mini."

"Ya wuce, Mama."

"An bar iri kuwa?"

"Tiyese ta ɓoye kaɗan a kwalba."

"To baɗi a haɗa da filin kabewata a shuka shi."

Masarar ta ciyar da su, har suka ɗiba wa maƙwabta. Limbani bai taɓa mayar wa surukarsa magana ba, kuma bai bar cin fuskarta ya hana shi kyautata mata ba. Da wannan haƙurin ya riƙe matarsa, ya kuma sami uwa a gidan da aka so korarsa.