Farfelar Abdulbaƙi

Farfelar injin kwalekwalen ƙanina Abdulbaƙi ta cinye, ni kuma na ce masa ta yi. Kumfar da ke tashi a bayan fiffiken farfelar ita ke cin ƙarfen, har ya koma kamar rariya. Na cike ramukan da walda, na gwada injin a durom ɗin ruwa. Na ji wata ƙara kamar tsakuwa, alamar gyaran bai yi ba, amma na yi shiru, don yana saurin komawa ƙauyen Dagona.

Bayan isha ina rufe shagona a Gashua, sai ga shi tsaye gefen durom, rigarsa sharkaf.

"Yaya, sake gwada mini," ya ce. Muryarsa kamar daga cikin rijiya.

"Ina injin? Ka cika wasa."

"Yana ƙasa. Ai ka ji tsakuwar, Yaya."

Ruwan durom ya soma kumfa, alhali ba inji a ciki. Na haska ƙafarsa da tocila. Ruwa na ɗiga daga wandonsa, amma ƙasar a bushe take.

Da asuba masunta suka kawo hularsa. Fiffiken ya karye a tsakiyar kogi, ruwa ya kife kwalekwalen. Har yau matarsa Radiyya tana durƙusawa ta gaishe ni, ni ne ba na iya amsawa.