Farar Safa da Kujerar Baba

Ranar da Auta ta fara shiga asibitin dabbobin, hannunta ɗaya na riƙe da igiyar wani farin kare, ɗayan kuma yana sosa ƙwaurinta. Likitan, wani dogon saurayi, ya ɗago kai ya dube su.

"To, wa zan fara dubawa, ke ko shi?"

Ta harare shi, amma dariya ta ƙwace mata. Ɗinki take yi, shi ya sa ta raɗa wa karen suna Auduga.

Likita ya taje gashin Auduga a kan farar takarda, ya yayyafa ruwa. Baƙaƙen ɗige-ɗigen da suka zubo suka koma ja.

"Ƙuma ce, wannan jininsa ne da suka sha." Ya ɗiga magani a ƙeyar karen, inda harshensa ba ya kaiwa. "Ban da wanka kwana biyu. Shimfiɗarsa kuma a wanke da ruwan zafi, ƙwan ƙumar yana can. Duk wata ki dawo da shi."

Wa zai jira wata? Da yamma saƙon likitan ya shigo wayarta: "Ya jikin majinyacina? Ya mai jinya?"

Kafin wata biyu har ta samu suna. "Ƙumata," ya rubuta, "kin shige zuciyata, ke kam ba zan nemi maganinki ba."

"Allah ya shirye ka, Likitana. Duk sunayen duniya ka rasa sai wannan?"

Soyayya ta yi daɗi, sai dai ƙuma ta ƙi barin gidan. A ɗiga magani, a wanke shimfiɗa, bayan kwana goma kowa na susa. Baba dama kullum cewa yake ba ya ƙaunar ganin karen, tun farko ya kafa doka: Auduga ba ya wuce tsakar gida. Ga kuma ɗan abokinsa mai shagon maganin ƙwari, wanda ya daɗe da sa ido a kan Auta, ya zo da gwangwanin feshi.

"Baba, a feshe karen da wannan, an gama."

"Kashe shi za ka yi!" in ji Auta, ta rungume Auduga.

Baba ya tamke fuska. "Mutumin da ya kasa raba kare da ƙuma, shi zan ba 'yata? Mako ɗaya na bayar. In ba su ƙare ba, karen ya bar gidan nan, likitan ma ya bi shi."

Ta sha kuka ranar. "Ina tsoro, Likitana," ta rubuta.

"Share hawayenki, Ƙumata. Ki roƙar min Mama ta bar ni in zaga gidan gobe."

Da hantsi ya iso, ya cire takalmi, ya ja farar safa har gwiwa a kan wandonsa. Mama ta toshe baki da gefen mayafi. Ya zaga tsakar gida, safa tas. Ya shiga kicin, tas. Sai ya nufi falo.

"Nan kuma me za ka yi?" Baba ya tare shi. "Kare bai taɓa taka falon nan ba."

Likita ya nemi izini, ya tsaya gefen tsohuwar kujerar da Baba ke zaune a kai. Ko minti ɗaya ba a yi ba, baƙaƙen ɗige-ɗige suka fara tsalle suna manne wa safar. Ya zura hannu a lungun kujerar, ya zaro dunƙulen farin gashi.

Sai ga Auduga a guje, don an bar ƙofa a buɗe. Bai kalli kowa ba, ya ɗare cinyar Baba, ya ɗora kai kamar wanda ya saba.

Mama ta riƙe haɓa. "Au, Baban Auta! Haka ake yi in mun fita?"

Baba ya yi gyaran murya har sau biyu. "Da rana ne kawai. Gidan shiru yake min in duk kun watse."

Auta ta ji tausayin mahaifinta ya kama ta. Likita kuwa ko murmushi bai yi ba, ya durƙusa.

"Baba, abin mai sauƙi ne. Mu wanke kujerar mu shanya, a riƙa share ƙarƙashinta kullum. Auduga ya ci gaba da taya ka hira."

Baba ya daɗe yana kallonsa. "Ka tona min asiri, amma ba ka yi min dariya ba. Je ka turo manyanka."

Bayan wata uku aka ɗaura aure, gida ya cika da dangi da dariya. Da za a tafi da amarya, Baba ya kama hannun ango, ɗaya hannun nasa yana kan Auduga.

"Ga 'yata nan amana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari." Ya ƙara riƙe igiyar karen. "Amma wannan kam, yana nan wurina."