Zanen Biro a Hannun Malam Bobboi

Maharazu ya fara ganin Na'imatu ne a wani ƙaramin asibiti a Kolere, shekarar da mutanen Mubi suka dawo daga gudu. Mahaifinta ta kawo, Malam Bobboi. Kwanon rufi ya yanke shi a hannu a hanyar Sahuda. An ɗinke jijiyar, amma yatsun ba sa jin komai.

"Likita ne kai?" ta tambaya.

"A'a. Jijiya na karanta a Indiya. Taimako nake zuwa."

"To taimaka, ka daina kallona."

Bai daina ba.

Da maganar aure ta taso, aka tura Kawu Ɗanjuma binciken sana'ar yaron. Ya dawo yana riƙe baki.

"Yaya, ɓera yake kiwo! A keji. Har abinci yake auna musu."

Malam Bobboi ya ce ba zai ba mai ɓera 'yarsa ba, ga Hayatu mai shanu yana jira.

Na'imatu ta rubuta wa Maharazu: "Baaba ya ce a'a. Angon ɓera, yanzu yaya?"

Ya amsa: "Kawo shi Laraba, Na'imata. Hannunsa bai ce a'a ba."

Ranar Laraba Maharazu ya bi hannun tsohon yana ƙwanƙwasawa da yatsa. A ƙasan gwiwar hannu Malam Bobboi ya zabura.

"Kamar lantarki!"

"Nan jijiyar ta iso, Baaba. Jiki yana fitar da sinadarin da ke kiranta ta tsiro. A bakinta akwai ƙananan makarɓa, su ke jin kiran. Su nake nazari a jikin ɓera." Ya ja biro a wurin.

Tsohon ya dubi nisan zanen da yatsunsa, ya yi dariya.

"Ran da na ji da yatsan nan, turo manyanka. In zanen ya tsaya, Hayatu ne."

Duk Laraba Maharazu yana sake gwadawa, zanen ya yi ta gangarowa, Na'imatu tana sabunta shi bayan kowace alwala. Da damina ya tsaya cak a wuyan hannu. Hayatu ya fara aiko ƙwaryar nono.

"Masoyi, in matsar da shi kaɗan? Wa zai sani?"

"Hannunsa zai sani. Ki ci gaba da motsa masa yatsun."

Ta yi fushi, ta daina amsa masa. Motsa yatsun dai ba ta daina ba.

Wata safiya bayan girbi ta miƙa wa mahaifinta shayi. Ya saki kofin.

"Ke! Kashe ni za ki yi? Ya ƙone min yatsa!"

Suka dubi juna. Ta ruga ɗaki neman wayarta.

"Baaba ya ƙone! Zo da gudu!"

Ranar ɗaurin aure Malam Bobboi ya kama hannun ango da wannan hannun, ya daɗe bai saki ba.

"Gumi kake yi, ina ji. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ɗayyiba. Amma ɓera ba zai kwana a ɗakin 'yata ba."

Kawu Ɗanjuma ya fi kowa ƙarfin amin.