Lambobin da Suka Ƙi Komawa Sifili

Ranar Laraba na tashi daga aiki ƙarfe biyar da rabi, bayana kamar an bi shi da taɓarya. Tun safe nake durƙushe a ƙarƙashin teburan mutane ina jan wayoyi, kowa da tambayarsa guda ɗaya: me ya sa intanet ba ya gudu. Da son raina ne, gida zan nufa in miƙe ƙafa. Amma Baba mai hoto ya kira ni da rana ya ce gobe da sassafe masu sayen tsofaffin ƙarafa za su kwashe kayan shagonsa kaf. In ina son bidiyon nan, yau ce kawai.

Bidiyon na matata ne. Shekara biyar ke nan da rasuwarta, ta bar min 'ya mai shekara biyu. Hotunanta muna da su, amma muryarta babu ko'ina, don wayar da saƙonninta ke ciki ta ɓata a kai-komon jinya. Sai wannan bidiyo guda da Baba ya ɗauka ranar da ƙanwarta ta gama makaranta, inda ta zauna ta yi ta zuba surutu tana dariya. Na san yana nan, tsoron kallonsa ne ya hana ni karɓa duk tsawon shekarun. To yanzu yarinyar ta kai bakwai, ta fara tambaya. "Abba, muryar Mama siririya ce ko babba?" Na ce mata ranar Juma'a za ta ji da kunnenta. Ita kuwa ba a yi mata alkawari ta manta.

Shagon yana hawa na biyu a wani tsohon bene. Na samu Baba a bakin ƙofa da jakarsa a kafaɗa, har ya gaji da jira.

"Ɗana, ka makara. Da rana na ce ka zo."

"Baba, aiki ne ya riƙe ni. Minti talatin ya ishe ni."

"To ka yi ka fito da sauran haske. Ni shekara goma sha ɗaya ban taɓa bari rana ta faɗi ina ɗakin baya ba."

"Sauro ne ya kore ka?"

Bai yi dariya ba. Ya sa min makullin a tafin hannu, ya rage murya. "Na'urar ce. Da yamma ba ta son mai zama kusa da ita. Ban taɓa kashe ta ba, ban kuma taɓa ganin ta mutu ba. In ka gama ka ba maigadi makullin."

Na ce to. Tsofaffi da na'ura, ai mun saba ji. Wanda bai san yadda abu ke aiki ba, komai ya yi sai ya ce da shi wani abu ne. Na ji takunsa yana sauka a hankali, ya yi wa maigadi sallama, titi ya haɗiye shi.

Ɗakin baya ƙarami ne, taga ɗaya can sama. Warin ƙura mai zafi da na tsohon maganin wanke hoto ya cika shi. A kusurwa sabar take, wato babbar kwamfutar da Baba ke tara aikinsa a ciki, fankarta na gurnani. Ba ta da linzamin kwamfuta, wato maus, ba ta da hotunan dannawa. Baƙin allo ne da kibod, sai abin da ka rubuta mata. Na jawo kujera, na nemo bidiyon, na jona faifaina na hannu, na ba da umarnin kwafa.

Sai na yi abin da nake yi kullum. Akwai wani ɗan shiri, wato 'yar manhaja, da nake kira da kalma ɗaya, ya jera min lambobi a layi huɗu. Biyu na netwok ne, abin da ke shiga da abin da ke fita. Biyu na faifai ne, abin da ake karantawa da abin da ake rubutawa. Duk daƙiƙa sai sabon jeri ya fito a ƙasa, na sama ya matsa. Wanda ya koya min aiki ya kafa min doka guda: ba a zare faifai sai layin rubutu ya koma sifili, in ba haka ba ka lalata abin da ka zo ɗauka. Shekara goma sha biyu ban taɓa karya ta ba.

Lambobin suka fito yadda ya kamata. Shiga sifili, fita sifili, don an yanke wa shagon intanet tun watan jiya. Karatu mega ashirin, rubutu mega ashirin. Abin da aka ɗebo daga tsohon faifai, shi ake zubawa a nawa. Na jingina da bango, na lumshe ido. Gajiya ta zauna min a wuya, har na fara gyangyaɗi.

Ƙarar faifan sabar ce ta farkar da ni. Ƙas, ƙas, ƙas, irin ta tsohon faifai da ya kusa mutuwa. Hasken taga ya koma ja. Karatu ya sauko zuwa mega shida. Na yi tsaki, don minti talatin ya zama awa ɗaya ke nan.

Sai idona ya kai kan layin shiga. Ba sifili ba ne. Mega uku.

Na ɗauka wayar netwok ce ta haɗu da ta wani ofis a benen. Na zagaya bayan sabar, na laluba cikin yanar gizo-gizo, na zare wayar. Da na ɗago ta, ashe ma guntuwa ce, ɓera ya cinye ƙarshenta tun tuni. Ba ta jone da komai.

Na koma gaban allo da guntuwar wayar a hannuna. Shiga mega uku. Karatu shida. Rubutu tara.

Na sake lissafawa, kamar ɗan aji ɗaya. Shida da uku, tara. Wani abu yana shigowa ta inda babu hanya, kuma kai tsaye faifaina yake zuba, tare da bidiyon matata.

Na duba jerin shirye-shiryen da ke aiki. Babu komai sai kwafina. Na rufe ɗan shirin, na sake kiransa. Lambobin suka dawo yadda suke, sai dai yanzu na lura na layin shiga ba a tsaye suke ba. Uku, huɗu, biyar, huɗu, uku. Su hau a hankali, su sauko a hankali, su ɗan tsaya, su sake hawa.

Kamar ƙirjin mai barci.

Na ce a raina gajiya ce, idona ne ke bin numfashina. Na riƙe numfashi in gani. Uku, huɗu, biyar. Ba su tsaya ba. A cikin wannan shirun ne na ji wani numfashin, daga bayan kafaɗata ta hagu, yana ja yana saki daidai da lambobin.

Wuta ta ɗauke. Fitilar sama ta mutu, batirin ajiya ya yi ƙara sau biyu ya yi shiru. Fanka ta tsaya. Allon bai mutu ba.

Kwafi ya kai kashi tamanin da ɗaya.

Warin ɗakin ya canza. Yanzu wari ne na jiƙaƙƙen gashi, da ƙauri-ƙauri a ƙarƙashinsa. Sanyi ya bi ƙafafuna ya hau. Ina jin motoci a titi, ina jin maigadi yana jan benci a ƙasa, amma duk sun yi nisa kamar na wani gari. Na fara addu'a, harshena ya yi nauyi, kalmomin suna fita a karkace.

Hannuna na kan faifan. Ya yi zafi kamar an ciro shi daga wuta. Hankalina ya ce in zare, hannun ya ƙi. Ba wani ne ya riƙe shi ba, sabo ne. Layin rubutu bai koma sifili ba. In na zare yanzu bidiyon ya lalace, gobe kuma sabar ta zama ƙarfen awo, Juma'a in kalli yarinyar in ce mata me?

Tamanin da takwas.

"Jira mana," aka raɗa min a kunne. "Saura kaɗan."

Muryar matata ce. Wallahi ita ce, har da ɗan shaƙewar nan da take yi in ta tashi daga barci. Shekara biyar ban ji ta ba. Hawaye ya zubo min, ban ma san ya taho ba.

Casa'in da biyu. Shiga ya kai goma. Rubutu goma sha shida.

"Ka kai ni wurinta," in ji muryar. "Na ga ta girma."

Sannan ta kira sunana, ƙarara.

Matata ba ta taɓa kiran sunana ba. Injiniya take ce min, da tsokana, ko da faɗa muke.

Casa'in da biyar.

Numfashin ya matso har yana taɓa wuyana. Na tuna 'yata tana barci a ɗakin da zan ajiye faifan nan.

Na fizge shi.

Allon ya yi fari fat. Wani abu ya yi ƙara a cikin sabar, ba ƙarar ƙarfe ba. Kujera ta kife, ƙofar ta fara rufuwa da kanta, na sa kafaɗa na banke ta. Ban san yadda na sauko benen ba. Na dai tsinci kaina a matakalar ƙarshe, gwiwata na jini, maigadi na haska ni da tocila.

"Malam, lafiya? Kai kaɗai ne a sama?"

"Ni kaɗai."

Ya ɗaga kai ya kalli tagar, ya daɗe yana kallo. Sannan ya karɓi makullin da yatsa biyu. "Sai da safe zan rufe," ya ce a hankali.

Ban shiga gida da faifan ba. A bayan mota ya kwana, a waje. Washegari da rana tsaka na jona shi a wata tsohuwar kwamfuta a wurin aiki, ƙofa a buɗe, mutane na wucewa. Bidiyon ya buɗe, abin da ban zata ba. Ga ta nan zaune cikin shuɗin mayafi, tana magana tana buga cinya, tana dariya har tana riƙe ciki. Na ƙara sauti. Babu magana, babu dariya, babu hayaniyar taro. Numfashi ne kawai, yana ja yana saki, daga farko har inda hoton ya yanke.

Na cire sautin gaba ɗaya, na kwashe hoton zalla zuwa sabon faifai, idona a kan layin shiga har aka gama. Sifili ne. Wanda na fizgo daga shagon kuwa, na sa masa guduma. Na kira Baba mai hoto in ji ko sabar na nan, ya ce an kwashe tun bakwai na safe, kuma mutum huɗu ne suka ɗaga ta da ƙyar. Tun ranar ba na yarda magariba ta same ni a ɗakin saba, ko na wane ne. Abokan aiki suna min dariya, sun ce tsufa ya kama Injiniya. Ina barin su.

Ranar Juma'a yarinyar ta dawo makaranta, ko takalmi ba ta cire ba ta zo ta tsaya a gabana. Na zaunar da ita a cinyata, na kunna. Ta kalli uwarta ba ƙiftawa, ta kai yatsa ta taɓa fuskar a allo. Can ta juyo.

"Abba, ƙara sautin."

"Babu sauti, 'yar Abba. Ya lalace."

"Ka ce zan ji."

"Na ce."

Ta koma kallon bakin uwarta yana motsi. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi.

"To kai ka yi min irin muryarta. Ai kai ka san ta."

Na gyara zama, na rufe ido in nemo ta, kamar yadda nake yi duk dare shekara biyar, tana kirana daga kicin ko tana min faɗan barin takalmi a ƙofa. Na laluba ko'ina. Wadda na samu guda ɗaya ce, ta ɗakin nan, tana cewa in jira, saura kaɗan.

Yarinyar na jijjiga hannuna tana jira. Na ce mata na manta.