Feshin Ranar Alhamis

“Kar ki kai naman nan falo!”

Mufida ta tsaya cak da tire a hannu. Fatihu ne a ƙofar baya ta gidansu da ke Bwari, yana haki, takalmansa duk laka.

“Ka haukace ne? Kawunnanka na ciki suna neman maka aurena, kai kuma ka zo? Idan Abba ya gan ka fa?”

“Gishirin da kika faɗa min a waya... da wane ganye kika haɗa shi?”

“Rozmeri mana, ganyen ƙamshin nan da ka shuka min. Jiya na yanko, na tsige ganyen, na daka da gishiri, na shanya a faranti. Da shi na gasa naman. Ji ƙamshi!”

“Kin wanke ganyen?”

“Ba kai ka ce ruwa na sa gishirin ya dunƙule ba?”

Ya runtse ido. Shekaranjiya Alhamis ya biyo ta bayan katangar gidan, ya ga fararen ƙwari sun lulluɓe shukar. Ya zaro maganin da suke fesa wa furanni a lambun bakin titi inda yake aiki, ya feshe ta sosai. Ya yi tafiyarsa bai faɗa wa kowa ba.

“Na yi mata feshi, Mufida. Guba ce.”

Ta dire tiren a ƙasa.

“Innalillahi... Fatihu, na riga na kai faranti ɗaya!”

Ya nufi ciki. Ta tare hanya.

“Tsaya! Wata biyar Umma na lallashin Abba. Dama cewa yake mai sayar da furanni ba miji ba ne. Bari in ɗauko, in ce gishiri na zuba ya yi yawa. Don Allah, masoyina...”

“Ki ɗauki laifina a gaban dangina?”

Daga falo suka ji muryar Malam Badaruddeen, mahaifinta: “To, bismillah.”

Fatihu ya kauce mata, ya yaye labule.

Abba na riƙe da tsoka, ya kusa kai ta baki. Kawu Maude, kawun Fatihu, ya zaro ido kamar zai haɗiye yaron.

“Kai! Me ya kawo ka nan?”

Fatihu ya zube a ƙasa.

“Abba, kar ka ci. Na fesa wa ganyen maganin ƙwari, ban faɗa mata ba. Laifina ne ni kaɗai.”

Baƙin suka janye hannu daga farantin.

Abba ya ajiye tsokar a hankali. Ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

“Ka san abin da shigowar nan za ta iya jawo maka?”

“Na sani.”

“Amma ka shigo.”

Fatihu ya gyaɗa kai.

Abba ya juya ga baƙi. “Malam Maude, yaronku na da ganganci. Sai dai bai iya ɓoye laifinsa ba. Na ba shi Mufida. Kai kuma tashi ka tuge shukar nan yanzu.”

A bayan gida ya tuge ta, ya haƙa rami. Mufida ta juye naman da gishirin ciki, hawaye na zubo mata.

“Zan kawo miki wani reshen,” ya ce.

“Wata nawa kafin a fara yanka?”

“Uku. Ko huɗu.”

Ta share ido da gefen mayafi.

“To kar ka kawo shi nan. A gidanmu za ka shuka.”