An Ce Musu Alhamis

Igiya na je ɗaukowa. Ba wani abu ne ya fitar da ni daga gida da yammacin ranar nan ba.

Igiyar Malam ce, mai gidana, Allah Ya jiƙansa. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana hawan itatuwan Jos, yana datse rassan da suka kwanta kan kwanon mutane, yana kayar da waɗanda saiwarsu ta tsaga katanga. Da ya rasu sana'ar ta koma hannun Mustapha, na ukun 'ya'yana. Shi da abokin aikinsa Lateef suna da injin yanka. Itacen da Malam kan yi kwana uku yana sara da gatari, su kafin la'asar sun kayar, sun yayyanka, sun loda gumagumai a mota sun kai kasuwar Katako. A shekarun nan aiki bai yanke musu ba. Ga masu sabon gini, ga masu son a raba rassa da wayoyin lantarki, ga masu share fili don kafa dogayen ƙarafan nan na wayar hannu.

Abu ɗaya Malam ya bar wa yaron bayan igiya, ya kuma gargaɗe shi kada ya sake shi. In itace tsoho ne mai kogo, ba a far masa haka kawai. Kwana uku kafin aiki za ka je, ka ƙwanƙwasa gindinsa sau uku da ƙotar gatari, ka yi sallama, ka faɗi ranar da za ka dawo. Ba yanka, ba turare, ba roƙon kowa sai Allah. Sanarwa ce kurum. Malam kan ce waɗanda ke ciki su ma suna da tukwane da yara, a ba su lokacin kwashewa. Ranar da ka faɗa kuwa ita ce ranar. Kana iya makara, amma ba ka riga ta.

Na san wannan sarai. Shekara nawa ina ji a bakinsa.

Matar Mustapha, Ladi, ta haihu ran Juma'a, bayan shekara takwas da aure ba ko ɓari. Mace aka samu. Ni ba mai nuna murna ba ce, 'ya'yana shaida ne. Amma na sayi zanen goyo na saƙi, fari mai ratsin baƙi, na ɓoye a jakata, duk inda na je yana tare da ni. Jira nake ranar suna ta zo in goya ta a gaban jama'a.

Ran Litinin Mustapha ya je Daɗin Kowa, gidan wata Madam Gertrude, tsohuwar ma'aikaciyar jinya. Akwai wani ƙaton maɗaci a bayan gidanta da ya karkata kan ɗakin girki. Ya ƙwanƙwasa, ya yi sallama, ya ce Alhamis.

Ran Talata na kira shi ɗakina. Na ce Alhamis ranar sayen rago ce da goro da zagaya dangi, ya je gobe Laraba ya gama da itacen.

Ya ce, "Inna, na riga na ce musu Alhamis."

Na ce kwana ɗaya ne. Wanda aka ba kwana uku ai tun a na farko ya kwashe. Na ce masa kuma ni ba a mayar mini da magana a gidana, ubansa ma bai yi ba. Ya sunkuyar da kai ya fita.

Ya je ran Laraba.

Tun azahar jaririya ta ƙi nono. Ba kuka, ba zazzaɓi. Tana kwance ido rufe, leɓenta na motsi kamar mai tsotso, cikinta kuma a cike. In Ladi ta kai mata nono sai ta kau da kai. Ladi ta fara hawaye, na tsawata mata, na ce jarirai sukan yi haka.

Bayan la'asar Mustapha ya dawo daga Katako, jikinsa duk jar dusar katako, ba igiya a kafaɗarsa. Ya ce ya bar ta ɗaure a gungumen gindi, wanda ya fi ƙarfin motar. Na tambaye shi dalili. Ya ce da itacen ya faɗi sun ji wani abu, Lateef ya ce su tafi. Na ce me suka ji, ya hau kaɗe dusar jikinsa. Ga hadari ya fara haɗowa ta gabas, ruwa zai jiƙe igiyar ubansa. Na ce ya kai matarsa da jaririyar asibiti, ni zan je in ɗauko abin da namiji ya tsere ya bari.

Rana ta kusa faɗuwa na sauka daga mota a Daɗin Kowa. Madam Gertrude da kanta ta buɗe mini ƙofa.

"Mama, sannu da zuwa. Igiya yana baya. Ki yi haƙuri, ni ba zan raka ki ba. Tun rana karnukana sun shiga ƙarƙashin mota, sun ƙi fita."

Na ce ba komai, na zagaya.

Wurin ya yi wani irin faɗi, kamar ɗakin da aka yaye wa rufi. Ga kututture, faɗinsa ya kai tabarma. Rassa a zube ko'ina, ganyen ya fara yaushi. Dusar katako ja wur har idon sawu. Warin fetur bai gama tashi ba, ɗacin maɗacin kuwa har maƙogwaro nake jin sa.

Sai wani ƙamshi ya shigo a ƙarƙashin wannan. Tafasasshen ganyen darbejiya. Hayaƙi. Kunun kanwa.

Ƙamshin ɗakin mai jego. Kwana biyar ina cikinsa a gida, ba zan kasa gane shi ba.

Na tsaya.

Ba tsuntsu ko ɗaya. Motocin titi ma na daina jin su. Sai wani ɗan sauti, shaf, shaf, kamar ana share ƙasa da tafin hannu.

Wata ce durƙushe a gaban gungumen, ta ba ni baya. 'Yar gajeruwar mace, ɗaurin ƙirji, kai ba ɗankwali. Tana tone dusar da hannu, tana wani gunaguni a hankali, irin wanda ake yi wa jariri don ya yi barci. Na ɗauka cikin maƙwabta ce ta zo tsintar itacen girki. Na yi sallama.

Ta amsa, cikakkiyar amsa. Amma muryar ba daga bakinta ta fito ba. Daga cikin kogon gungumen ta fito.

Na dubi inda ta durƙusa. Sawuna ya nutse a dusa tun daga lungu har inda nake tsaye. Ita gwiwoyinta ba su lotsa komai ba.

"Ke ce mai igiyar?"

Na ce ni ce.

"Kwance ta. An yi bisimilla a kan ƙullin, ba na iya taɓawa."

Igiyar ta zagaye gungumen sau uku, ta gitta bakin kogon. Ƙullin Malam ne, wanda ya koya wa ɗansa. Na durƙusa kusa da ita. Sanyi ke fitowa daga jikinta kamar bakin randa. Da ƙyar na kwance.

Ta zura hannu cikin kogon har kafaɗa.

Abin da ta fito da shi bai fi tsawon tafin hannuna biyu ba. Naɗe yake cikin wani tsumma. Ƙafa ɗaya ta leƙo, da 'yan yatsunta. Haƙoran inji sun bi ta tsakiyar tsumman. Ban ƙara dubawa ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗora shi a cinya tana kaɗe masa dusa.

"Alhamis aka ce mana," ta ce. "Jiya na kai tukwane. Yau na kai shimfiɗa. Shi na bar shi yana barci, sai an gyara wuri tukuna. Ba a kai jariri wurin da ba a share ba. Ke ma uwa ce, kin sani."

Na sani.

"Wa ya sauya ranar?"

Da zan iya cewa Lateef ne. Da zan iya cewa mai gidan ce ta matsa. Duk sun zo mini a baki. Amma tun da nake ban taɓa barin yaro ya yi ƙarya a gabana ba tare da ya sha bulala ba.

Na ce, "Ni ce. Yaron ya faɗa mini, na ƙi ji."

Sai ta juyo.

Fuskar yarinya ce, ba ta kai Ladi ba. Idanun ne kawai ba fari a cikinsu. Gaban zanenta sharkaf yake, nono na ɗiga ƙasa.

"Akwai jaririya a gidanku," ta ce. "Tun azahar ni nake shayar da ita. Ciwo yake mini, ba ni da wanda zan ba. Tana kamawa da kyau. Ba a sa mata suna ba tukuna, ko?"



Ban taɓa roƙon mutum ba a rayuwata. Ranar na kifa goshina a dusar katako. Na ce ta ɗauke ni. Na ce shekara takwas uwar ta yi tana jira.

"Me zan yi da tsohuwa?"

Iska ta taso, ganye ya fara gudu a ƙasa. Ta dubi jakata.

"Mene ne a ciki?"

Na fito da zanen goyon. Ta shafa shi, ta shinshina. Ta tambaye ni ko na taɓa goya ta da shi. Na ce a'a, suna nake jira. Ta shimfiɗa shi a cinya, ta naɗe ɗanta a ciki, a hankali, ta rufe ƙafar.

"Bayana ya zama wofi," ta ce. "Naki ma haka. Na bar wa uwarta ita, uwar ba ta yi mini komai ba. Amma ranar da kika ɗauke ta, a baya ko a cinya ko a hannu, ranar zan zo in karɓa."

Ta kama wuyan hannuna. Sanyin ya shige har ƙashi.

"Ni ina cika ranar da na faɗa."

Daga nesa ladan ya ɗaga murya. Ta sake ni.

Gungumen ya motsa.

Ƙarti shida sun kasa ɗaga shi da rana. Ya mirgino kaina shi kaɗai. Na ja jiki da baya, na faɗi, na rarrafa. Ya danne takalmina ɗaya da gefen mayafina. Na bar masa su.

Ban san yadda na kai bakin ƙofa ba. Madam Gertrude ta ce ta same ni zaune a ƙasa, igiya a hannuna, ruwan sama na dukana, ina ta maimaita Ayatul Kursiyyu ba na kaiwa ƙarshe.

Da na isa gida sun dawo daga asibiti. Ladi na dariya. Wai ana kiran magariba jaririyar ta tsala kuka, ta kama nono kamar za ta cinye uwar. Ta miƙo mini ita. Na mayar da hannuwana baya na ce jikina a jiƙe yake.

Ran Juma'a aka raɗa mata Fiddausi. Mata suka cika gida, ana ta tsokanata, kaka ta zo ta goya ƙawarta. Na ce bayana na ciwo. Sati ya wuce, wata ya wuce, ciwon baya ya daina karɓuwa. Na ji da kunnena ana cewa don mace ce, da namiji ne da na ɗauka. Ladi ta daina miƙo mini ita, ta kuma daina shigowa ɗakina hira. Ban yi gardama da kowa ba. Mai taurin zuciya dama suka san ni, bai yi musu wuyar yarda ba.

Mustapha kaɗai na faɗa wa. Da na gama, ya tashi ya naɗe igiyar ubansa. Har yau yana aikinsa. In mai gida ya matsa a zo kafin ranar da aka faɗa wa itace, yakan ce a nemi wani.

Tana da shekara uku ta faɗi a bakin rijiya, goshinta ya fashe. Ba kowa a tsakar gida sai ni. Ta taho da gudu, jini na bin fuskarta, ta ɗaga mini hannu biyu. Na ja da baya har na jingina da bango. Na ƙwala wa uwarta kira. Tana kuka tana kama zanena, ni kuwa hannuwana a baya, na riƙe ɗaya da ɗaya har farce ya shiga nama. Ƙamshin darbejiya ya cika tsakar gidan, ba kuwa wadda ke jego a unguwar.

Bana ta cika shida. Ita ke kawo mini buta da takalmi in zan yi alwala, ba wanda ya sa ta. Shekaranjiya ta ajiye butar, ta tsaya tana kallona.

"Kaka, wari nake yi?"

Na ce wa ya faɗa mata wannan shirmen. Ta ce ba kowa, gani ta yi kakar su Amatullahi na ɗora ta a cinya, ita kuwa ko ta yi wanka ba na ɗora ta.

Na ce ta wuce ta ba ni wuri, lokacin salla na tafiya.

Ta tafi. Na bi ta da ido har ta shige ɗakin uwarta, da ƙafafunta, da ranta.